Gashin Ciwon Daji Don Samun Sauƙi: Bayani ga Iyalan Masu Ciwon Magudanar Ɗaci



A ƙarshen damanar bara wani saurayi ya same ni a ɗakin shan magani, riƙe da babban ambulan na hotuna da takarda guda da aka rubuta da Faransanci. Mahaifinsa dillalin albasa ne, mai shekara sittin da ɗoriya, wanda ya yi wata huɗu idanunsa rawaya kamar an shafa musu gangamau. An yi masa maganin shawara iri-iri, na gargajiya da na kanti, har jikinsa ya zube, kafin a kai shi babban asibitin Paraku. A can aka gano cewa ciwon daji ne ya toshe masa magudanar ɗaci, kuma ya riga ya wuce inda tiyata za ta iya cire shi. Saurayin ya miƙo mini takardar, ya ce: “Likita, sun ce nan gaba za a iya kai Baba a gasa wurin. Idan an gasa, zai warke? Domin yayyena sun ce a sayar da gonar fadama.” Ni ba likita ba ne, ma'aikacin jinya ne, amma haka ake kiranmu a nan, kuma tambayar ta fi ƙarfin a tsaya gyara suna. Amsar da na ba shi a ranar ita ce na faɗaɗa a wannan takarda, domin na san ba gidansu kaɗai za ta shiga ba.

Mece ce magudanar ɗaci?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ya san maɗaciya, ƴar jakar nan koriya da ke manne a jikin hanta, wadda mahauci ke cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama. Ruwan da ke cikinta hanta ce ke yin sa, kimanin rabin lita zuwa lita ɗaya kowace rana a jikin babban mutum. Aikinsa shi ne narkar da maiƙo, da kuma fitar da wani datti mai launin rawaya daga jini. Ruwan yana bin ƙananan hanyoyi a cikin hanta, su haɗu su zama bututu guda wanda bai kai kaurin ƙaramin yatsa ba, ya gangara ya zuba a cikin hanji. Wannan bututu da rassansa su ne magudanar ɗaci.

Ciwon daji na iya tsirowa a rassan da ke cikin hanta, ko a mahaɗar da rassan dama da hagu suka gamu a ƙofar hanta, ko kuwa can ƙasa kusa da hanji. Na mahaɗa shi ne aka fi gani, kuma a takardun asibiti za ku iya ganin an kira shi da sunan Klatskin, wani likitan Amurka da ya yi bayaninsa a 1965. Tun da bututun siriri ne, ƙari ɗan kaɗan ya isa ya toshe shi, kamar yadda laka ke toshe kwatar ban-ruwa a gonar shinkafa. Ruwan da ya rasa mafita sai ya koma cikin jini. Daga nan ne ido da fata ke yin rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi mai kauri, bayan gida ya yi fari-fari kamar farar ƙasa, ga ƙaiƙayi mai hana barci wanda ba sabulu ko man shafawa da ke kwantar da shi. Sau da yawa babu zafi a farko, kuma wannan ne ke yaudarar mutane su zauna a gida.

Shawara alama ce, cututtuka da yawa ke kawo ta: ciwon hanta na B da na C, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sikila, tsakuwa a maɗaciya, da ciwon daji. A yankinmu dajin da ke tasowa daga tsokar hanta kanta ya fi na magudanar ɗaci yawa, saboda yaɗuwar ciwon hanta na B da kuma gubar da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a ma'ajiya. Masunta da masu sayar da kifi su kwantar da hankalinsu: a arewa maso gabashin ƙasar Tailan wannan ciwo ya yi yawa saboda wata tsutsa da ake samu daga cin ɗanyen kifi, amma wannan tsutsa ba ta ƙasashenmu ba ce. Babban mutum da shawara ta kama shi, ta wuce mako biyu tana ƙaruwa, da farin bayan gida da rama, yana bukatar hoton ekografi na ciki ba tare da jinkiri ba. Idan ekografi ya nuna magudanar ta kumbura, sai a tura shi hoton sikana, wani lokaci kuma a ɗebi ɗan yanki na ƙarin a auna.

Tiyata ce kaɗai ke iya raba mutum da wannan ciwo baki ɗaya, kuma sai an same shi da wuri. Mafi yawan marasa lafiya, har a ƙasashen Turai, ana gano nasu ne bayan ya kama manyan jijiyoyin jini na hanta ko ya bazu zuwa wani wuri. Idan likita ya ce ciwon ya yi nisa, abin da yake nufi ke nan. Daga nan manufar magani ta sauya: a rage zafi, a buɗe hanyar ɗaci, mutum ya ci ya sha ya yi barci, ya zauna cikin iyalinsa da hankalinsa. Wannan shi ake kira kulawar sauƙaƙawa, kuma a 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa wajibi ne kowace ƙasa ta sanya ta cikin aikin asibitocinta.

Gashin da ba wuta a cikinsa

Kalmar gashi ta jawo wa wannan magani tsoron da bai cancanta ba. Mutane na jin ta sai su tuna da sakiya, ko da naman da ke kan waya. A Faransanci sunansa radiyoterapi, wato magani da haske. Hasken ɗan uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi ne, wanda wani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano a 1895, sai dai na magani ya fi ƙarfi nesa. Ba a ganinsa, ba a jin ɗuminsa. Yana ratsa fata ya isa wurin ƙarin, ya lalata wa ƙwayoyin dajin abin da suke haihuwa da shi, sai su kasa ƙaruwa, su riƙa mutuwa sannu a hankali cikin kwanaki da makonni. Lafiyayyun ƙwayoyin da ke kewaye su ma suna taɓuwa, amma sun fi na daji iya gyara kansu. Saboda haka ne ake auna hasken da ma'auni, kamar yadda ake auna kowane magani. Sunan ma'aunin gire, kuma a takarda ana rubuta shi Gy.

Injunan iri biyu ne. Akwai mai amfani da wani ƙarfe da ake kira kobal, akwai kuma mai samar da hasken da wutar lantarki. Na biyun ya fi iya saita hasken daidai da siffar ƙari, amma wajen rage zafi dukansu suna aiki, kada wani ya raina na kobal.

Ga yadda abin ke gudana. Ranar farko ba a gashi. Ana ɗaukar sikana na awo, a yi wa mara lafiya ƴan alamomi a fata da tawada, waɗanda ba a so a goge su wajen wanka. Likita da masu lissafi su zauna su tsara ta inda hasken zai shiga don ya kauce wa hanji, ciki, ƙoda da lafiyayyen sashen hanta. Ranar gashi mutum ya kwanta a kan gado mai tauri, ma'aikata su daidaita shi, su fita, suna kallonsa ta allo suna kuma jin muryarsa. Injin ya kewaya, ya yi ƴar ƙara, shi ke nan. Duka-duka minti goma zuwa ashirin, mafi yawansu na daidaitawa ne. Wanda aka yi wa irin wannan gashi daga waje ba ya ɗauke da haske a jikinsa idan ya fito. Yana iya ɗaukar jikansa, ya ci abinci a kwano ɗaya da iyalinsa, ya kwana a ɗakinsa. Na ga gidan da aka ware wa tsohuwa kwano da tabarma bayan ta dawo, don tsoron kada ta shafa wa yara, kuma wannan wariya ta fi ciwon cin ranta.

Abin da yake yi, da abin da ba ya yi

Abu na farko da ya kamata iyali su riƙe: gashi ba ya kawar da shawara da sauri. Idan magudanar ta toshe, buɗe ta shi ne kan gaba. Ana yin haka ta hanya biyu. Ko dai a bi ta baki da na'ura mai fitila har zuwa hanji, a cusa ɗan bututu a cikin wurin da ya tsuke, ko kuwa a bi ta fata a gefen dama na ciki, a sa siririn tiyo da ke fitar da ruwan zuwa cikin jaka. Bututun roba yakan toshe bayan kimanin wata uku, a sake wani. Na ƙarfe ya fi daɗewa, ya kuma fi tsada. Idan hanyar ta buɗe, ƙaiƙayi na raguwa cikin kwanaki, ido ya fara washewa, sha'awar abinci ta dawo. A ganina, idan kuɗin gida ba zai kai ga komai ba sai abu guda, a mafi yawan lokuta wannan ne abin, tare da maganin zafi.

Inda gashi ya fi nuna amfaninsa shi ne zafi. Idan ciwon ya yi tsalle zuwa ƙashi, a ƙugu ko gadon baya ko haƙarƙari, zafin yakan tsaya wuri guda, ya tsananta da dare. An daɗe da tabbatarwa, a gwaje-gwaje masu yawa a ƙasashe daban-daban, cewa gashi na rage irin wannan zafi ga kimanin mutum shida cikin goma. An kuma tabbatar da abin da ya fi shafar mu mazauna nesa: zama ɗaya na gire 8 yana rage zafin ƙashi daidai da zama biyar ko goma. Bambancin kawai shi ne wanda aka yi wa zama ɗaya ya fi yiwuwa ya bukaci a maimaita masa daga baya. Ga wanda zai bar rumfarsa ya kama haya a birnin da bai san kowa ba, tazarar da ke tsakanin kwana biyu da mako biyu ba ƙarama ba ce. Ku faɗa wa likita daga inda kuka fito, ku tambaye shi ko zama ɗaya zai wadatar. Ba rashin kunya ba ne.

Haka nan idan hanta ta kumbura tana ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Wani gwaji da aka yi a Kanada, aka buga sakamakonsa a 2024, ya nuna cewa zama ɗaya na gire 8 a kan hanta ya rage zafi bayan wata guda ga kashi 67 cikin ɗari, alhali cikin waɗanda ba a yi wa ba kashi 22 ne suka samu sauƙi. Mutanen da aka gwada masu dajin hanta ne da waɗanda daji ya bazu zuwa hantarsu, kuma ba su da yawa, amma sakamakon ya ƙarfafa wa likitoci gwiwa wajen amfani da gajeren gashi ga zafin hanta.

A wasu manyan asibitoci ana gasa ƙarin kansa, don a rage masa saurin girma, a kuma jinkirta sake toshewar bututu. Wannan yakan ɗauki zama da yawa, wani lokaci makonni, kuma sai ga wanda jikinsa ke da sauran ƙarfi. Akwai ma hanyar da ake zura ɗan ƙanƙanin ƙarfe mai haske ta cikin tiyon, ya tsaya daidai wurin ƙarin na ƴan mintoci, a zare shi. Ba ko'ina ake yin wannan ba.

Akwai kuma maganin daji na ƙarin ruwa, wanda shi daban yake da gashi. Wani babban gwaji a Birtaniya, wanda aka buga a 2010 a kan mutum 410 masu dajin hanyoyin ɗaci da ya yi nisa, ya nuna cewa haɗa magunguna biyu, jemsitabin da sisfilatin, ya kai matsakaicin tsawon rai zuwa wata 11.7, a maimakon wata 8.1 da magani ɗaya. Na kawo waɗannan alƙaluma ne don ku ga ma'aunin abin: ana maganar watanni ne. Wa'adi kuwa ba a hannun likita yake ba, wasu na wuce lissafi da nisa, wasu ba sa kaiwa.

Gashi na da nasa wahalar. Kasala ita ce kan gaba, sai tashin zuciya, rashin son abinci, wani lokaci gudawa, idan cikin ne aka haska. Ana ba da maganin amai kafin a shiga. Gashin kai ba ya zubewa, domin hasken ba ya taɓa inda ba a saita shi ba. Wasu zafinsu yakan ƙaru na kwana biyu ko uku bayan zaman farko kafin ya fara sauka, kuma cikakken sauƙi na iya ɗaukar mako biyu zuwa huɗu. Don haka kada a daina shan maganin zafi ranar da aka dawo. Baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini alama ce ta gyambon ciki, a garzaya asibiti.

Ina ake samu, kuma ta wace hanya?

Ba a yin gashi a Malanbil, ko Kandi, ko Gaya. Hanyar takan fara ne daga asibitin yankinmu na Malanbil da Karimama, zuwa asibitin jami'a na Paraku, mai nisan fiye da kilomita 300, inda likita zai rubuta takardar turawa. A ƙetaren kogi, Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai ta buɗe sashen gashi na farko a Nijar a 2021, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, kuma daga Gaya zuwa Yamai ta Doso kusan kilomita 300 ne. A Nijeriya akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da babban asibitin ƙasa a Abuja. A kudancin Benin an gina sabon babban asibiti a Abome-Kalabi wanda aka tsara shi da sashen gashi, sai dai daga nan zuwa can ya haura kilomita 700. Benin da Nijar duka suna cikin ƙasashen Afirka bakwai na farko da hukumar nan ta nukiliya ta sa a shirinta na yaɗa injunan gashi, wanda ta ƙaddamar a watan Fabrairun 2022.

Rufe gadar da ke tsakaninmu da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 ya mayar da tsallakawa ta kwalekwale, kuma abin da lafiyayye ke ɗauka da sauƙi azaba ne ga mai tiyo a ciki. Idan ta ruwa za a bi, a rufe wurin tiyon da busasshen bandeji da leda, a rataye jakar ƙasa da ƙugu, a zazzage ta kafin a shiga jirgi. Kada kowa ya ɗauki mara lafiya ya kama hanya kafin a yi magana da asibitin ta waya, a tabbatar injin na aiki, a karɓi ranar zuwa. Ko'ina a duniya waɗannan injuna na tsayawa don gyara, kuma layi na iya yin tsawo. Ya fi kyau mutum ɗaya mai lafiya ya fara zuwa da takardu. A tafi da komai: hotunan sikana da faifansu, sakamakon jini, sakamakon awon ƙari, sunayen magungunan da ake sha. Mai zuwa Nijeriya ya nemi a fassara masa taƙaitaccen bayanin likita daga Faransanci zuwa Ingilishi tun daga gida, ya kuma yi canjin sefa zuwa naira a hannun wanda ya sani. Idan mara lafiya Dendi ko Zabarmanci ko Fulatanci kaɗai yake ji, a haɗa shi da mai jinya da zai yi masa tafinta, domin shi ne mai jikin, shi ya kamata ya ji bayanin da kunnensa.

Kafin a taɓa jari

Ku ƴan kasuwa ne, kun fi ni sanin lissafi. Kuɗin gashi kashi ɗaya ne kawai. Ga na mota, ga na masauki da abinci, ga awon jini da za a sake, ga kasuwannin da mai jinya zai rasa. Kafin a sayar da gona ko shanu ko a cinye jari, babban gida ya zauna da likita ya yi masa tambaya a fili: wannan magani na warkarwa ne ko na sauƙi? Wane sauƙi ake sa rai, zafi ne ko ƙaiƙayi ko cin abinci? Zama nawa? Idan ba a yi ba, me zai faru? Mu a nan mun saba ɓoye wa dattijo ciwonsa don tausayi. Na fahimci dalilin, amma na sha ganin dattijon ya riga kowa ganewa, yana shiru ne don kada ya tayar wa ƴaƴansa hankali, alhali yana da basussuka da amanar mutane da wasiyya da yake son ya warware.

Akwai lokacin da tafiya ba ta da amfani. Idan mutum ya kai ga ba ya tashi daga shimfiɗa, cikinsa ya cika da ruwa, ba ya cin komai, ko hankalinsa ya fara gushewa, wahalar hanya za ta fi sauƙin da ake nema, kuma sauƙin ma sai bayan makonni yake zuwa. A wannan hali abin da ya dace shi ne maganin zafi mai ƙarfi a gida. Mofin na sha, idan likita ya rubuta aka bi ƙa'idar lokaci, ba ya gaggauta ajali, kuma ba ya mayar da mai ciwo ɗan maye. Yana sa taurin bayan gida, don haka ake haɗa shi da mai sassautawa. Taramol na bakin kasuwa ba madadinsa ba ne: ba a san ƙarfin abin da ke cikin ƙwayar ba, kuma hantar da ta gaji ba ta iya tace shi. Haka jiƙe-jiƙe da saiwoyi, da shan farasitamol barkatai. Duk abin da za a ba shi, a fara nuna mana.

Alamu biyu ne ba a kwana da su. Zazzaɓi da rawar sanyi ga mai shawara ko mai tiyo na iya zama ƙwayoyin cuta ne suka taru a magudanar da ta toshe. Kamanninsa ɗaya da zazzaɓin cizon sauro, amma yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu idan ba a sa maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya ba. Ta biyu ita ce sabon ciwon baya tare da sanyin ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari, ko kasa yin sa. Wannan na nuna ƙari ya danne lakar gadon baya, kuma a nan gashi na gaggawa na iya ceton tafiyar mutum, idan an isa kafin ƙafafun su mutu.

Dillalin albasar nan, an sa masa tiyo, ƙaiƙayin ya lafa, ya koma shan kunu da fura. Bayan wata biyu ƙugunsa na hagu ya fara hana shi barci, sai ɗansa ya fara tafiya shi kaɗai da takardu, ya karɓo rana, sannan suka koma tare. Zama ɗaya aka yi masa, suka kwana uku a gidan wani abokin cinikinsa. Tumaki huɗu suka sayar, gonar fadama tana nan. Ya samu ya zauna a rumfarsa wasu ranakun kasuwa, a kan kujera, yana duba yaransa suna awo, ya kuma biya mutanen da ke binsa. Ya rasu a ɗakinsa da sanyin hunturu, Allah ya jiƙansa. Ɗan nasa ne ya dawo mana da ragowar kwalbar mofin, kamar yadda muka roƙa, aka rubuta a littafi.